Kafin Ki Danna Enta, Rifkatu

Rikoto, Zuru.

Zuwa ga ɗiyata Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Kaduna lafiya, hanyar Kontagora ba ta jijjiga miki ƙashi da yawa ba. Ya tsare fitarki da shigarki, ya haɗa ki da maƙwabta na kirki da shugabanni masu adalci a sabon wurin aikinki. Na san ba za ki ga takardar ba sai kin kwance jakar da mamanki ta cika da ƙuliƙuli da daddawa, don a ƙarƙashinsu na soke ta. Idan tana wari, ki yi kuka da mamanki.

Ba labarin gida zan ba ki ba, jiya-jiya kika bar shi. A cikin ambulan ɗin akwai ɗan filashi mai jar igiya, shi ne dalilin wannan doguwar magana. Jerin sunayen 'yan gida ne, mutum ɗari huɗu da 'yan kai, waɗanda aiki ko soja ya kwashe daga ƙasar Zuru ya watsa daga Legas har Maiduguri, har da waɗanda aka tura ƙasashen waje. Shekara shida ke nan ina aika musu labarin gida ta imel duk ƙarshen wata: wa ya haihu, wa ya rasu, yaushe ne taro, yaya damina ta yi. Yanzu likita ya ce yanar ido ta fara rufe mini na hagu, haruffa kuma sun fara yi mini rawa a allo. A taron ƙungiyarmu ta 'yan gida na watan jiya na miƙe na ce na ajiye aikin sakatare, kuma ke zan miƙa wa jerin. Ba kowa ne ya ji daɗi ba. Shugabanmu, Kanar mai ritaya, ya cire tabarau ya tambaye ni ko yarinyar da aka yi wa baftisma shekaranjiya za ta iya bambance wanda ake ce wa ranka ya daɗe da wanda ake ce wa sannu. Na ce masa idan kika kunyata ƙungiya a goge sunana daga littafinta. To kin ji, sunana na jingina a kanki, kuma ba ni da wani sunan sai shi.

Kin fi ni ilimin kwamfuta nesa ba kusa ba, kuma a ofishin da aka ɗauke ki dubban mutane za ki riƙa aika wa saƙo, ba ɗari huɗu ba. Amma akwai darasin da ba a koyarwa a makaranta, sai wanda ya sha kunya yake saninsa. Ni kuwa na sha ta har na ƙoshi, shi ya sa zan zayyana miki tawa, ki ɗauka kyauta.

Kina makarantar kwana lokacin da Mista Okoro ya buɗe shagon intanet a bakin kasuwa, don haka ba ki ga farkon abin ba. Samari suna layi a kan kwamfutoci masu hotuna, ni kuwa idona ya faɗa kan wata tsohuwa a lungu, ba hoto, ba linzami, sai baƙin allo da ɗan farin ɗigo yana ƙifta ido. Okoro ya ce ita ce ke raba wa sauran intanet, kuma ba ta jin komai sai umarnin da aka rubuta mata da hannu. Ni da na yi shekara ashirin da biyu ina buga saƙo a sashen sigina na soja, sai na ji kamar na haɗu da abokin barikinmu. Na ce masa wannan ce tawa, mun yi kama: tsoho, baƙi, ba ado, sai bin umarni. Ya yi dariya ya koya mini umarni uku, ya ba ni aron wani littafi da bangonsa ya yage, sauran kuma na koya da kaina ta hanyar ɓarna.

Ɓarnar farko ta ganganci ce. Lokacin mutum tamanin ne kawai a jerin. Na kwaso adireshinsu gaba ɗaya na zuba a layin da ake rubuta wanda za a aika wa, na danna enta, na koma gida ina taƙama kamar na ci yaƙi. Ashe na buɗe wa kowa adireshin kowa. Washegari wani ɗan'uwanmu da ke Fatakwal, ba zan faɗi sunansa ba don kin san shi, ya ba ni amsa, bai san amsar tasa za ta bi mutum tamanin ba. Tambayata yake a asirce ko gaskiya ne budurwarsa ta dā har yanzu ba ta yi aure ba. Matarsa ita ce ta goma sha ɗaya a jerin. Sai da mamanki ta yi mako biyu tana sulhu ta waya kafin aka daina kwana a raba ɗaki a gidan. Bayan nan kuma wani ya kwashi adireshin mutane ya dinga aika musu tallar maganin basir.

Don haka ki riƙe wannan: adireshin mutum amana ne, ya ba ki ne don labarin gida, bai ba ki don ki rataye shi a kasuwa ba. Kowane mutum ki aika masa nasa shi kaɗai. Ɗan rubutun umarnin da na haɗa, yana nan cikin filashin, abin da yake yi ke nan: ya ɗauki layi ɗaya, ya saka sunan mutum a gaisuwa, ya aika, sannan ya sauko layi na gaba. Na san za ki kalle shi ki yi dariya, ki ce rubutun tsoffi ne. Ki gyara shi yadda kike so, amma kada ki taɓa wannan ɗabi'ar tasa.

Da na koyi saka suna a gaisuwa sai kaina ya kumbura. Na ajiye sunaye da muƙamai a fayil ɗaya, adireshi a wani fayil, umarnin yana haɗa layi da layi. Wata rana wani ya ce a cire shi, na goge adireshinsa, na manta ban goge sunansa ba. Layi ɗaya tak. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido: daga wannan layin har ƙasa, kowa ya samu saƙo da sunan wanda yake samansa. Wata diyakonesar coci a Jos ta zama Manjo. Wani yaro ɗan jami'a ya zama Hajiya. Shi kuwa Kanar ɗinmu, wannan dai da na gaya miki, saƙonsa ya buɗe da "Gaisuwa ga Kofur Audu". Kin san garinmu, za ki iya taka wa tsohon soja ƙafa ya yafe, amma ba ki rage masa igiya ɗaya ba. Ya aiko a kira ni. Na je na ƙame a tsakar gidansa, da furfurata, ya bar ni tsaye har ya gama shan kununsa, sannan ya tambaye ni a wace rana aka sauke shi daga muƙaminsa bai sani ba. Na ce laifin kwamfuta ne. Ya ce shi a iya saninsa bindiga ba ta tashi da kanta.

Gaskiyarsa ce, kuma kada in taɓa jin kin ɗora wa na'ura laifi. Baƙin allon nan ba ya gardama, ba ya tambayarki ko kin tabbata, abin da kika ce shi zai yi, sau ɗari huɗu, kafin ki haɗiye yawu. Sunan mutum da muƙaminsa da adireshinsa su zauna a layi ɗaya, a fayil ɗaya, idan za su tafi su tafi tare. Kuma kafin ki aika, ki sa umarnin ya fara nuna miki a allo abin da zai aika ba tare da ya aika ba. Ki karanta na sama, na tsakiya da na ƙasa. Sannan ki aika wa kanki guda uku ki buɗe su da idon baƙo. Minti goma ne kawai, ni kuwa rashin yin haka ya sa har yau yaran Kanar suna kiransa Kofur a bayan idonsa.

Sai maganar gaggawa. Da jerin ya kai ɗari uku, na ga kamar ɓata lokaci ne a tsaya, na saki saƙonni a jere ba numfashi. Kamfanin da ke ba Okoro intanet ya ga ruwan saƙo yana fitowa daga wani ɗan shago a Zuru, ya ɗauka 'yan damfara ne, ya toshe shagon. Okoro ya riƙe kai ya ce, "Oga Saje, ka kashe mini kasuwa." Kwana uku ina zuwa ina zama a kan benci a ƙofar shagon ina ba mutane haƙuri, har aka buɗe. Sauri ya haifi nawa. Tun daga ranar na sa hutu tsakanin saƙo da saƙo, daƙiƙa kaɗan, kuma ina raba jerin kashi-kashi. Inda za ki yi aiki ma ki tambayi masu kula da intanet ɗin saƙo nawa aka yarda ya fita a awa ɗaya, kada ki ji kunyar tambaya don ke ce sabuwa.

A wannan watan ne kuma na yi wa Baba Alhaji tasa. Wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, kin sani, kuma tunda sunansa da harafin A ya fara, shi ne a saman jerin. Ranar ina aika gayyatar taro da rana tsaka aka ɗauke wuta, aka tayar da janareta, ya mutu, aka sake tayarwa. Duk lokacin da allon ya dawo sai in sake farawa daga sama, don ban san inda aka tsaya ba. Na ƙasa ba su samu ko ɗaya ba, na sama suka samu bakwai-bakwai. Da yamma sai ga wayarsa daga Sakkwato.

"Saje, mi na yi maka?" ya ce. "Ko kurma anka kira sau bakwai ai ya ji. Ina tahowa, don Allah ka bar ni in huta."

Maganin mai sauƙi ne, kuma da na yi tunani da ban sha wannan tsiyar ba. Duk wanda aka aika wa, umarnin ya rubuta sunansa a wani fayil na daban. Idan wuta ta dawo, ya duba ya tsallake su ya ci gaba daga inda ya tsaya. Wutar Kaduna ma ba ta yi wa kowa alkawari ba.

Wanda zan faɗa miki yanzu ba na dariya ba ne. Akwai wani Saje Bawa, mun yi bariki ɗaya da shi, ya rasu a bakin aiki. Ni da kaina na rubuta sanarwar rasuwarsa, na je jana'iza, na yi kuka. Amma ban koma na taɓa layinsa a jerin ba. Wata huɗu bayan nan na aika saƙon ƙarshen shekara, wanda ke cewa muna jiran kowa a gida lokacin biki. Nasa ya tafi da sunansa a kai. Ashe matarsa Talatu, da ta koma wurin iyayenta a Ribah, tana riƙe da mabuɗin akwatin imel ɗinsa, tana shigowa Zuru lokaci-lokaci a duba mata ko akwai takarda daga wurin aikinsa. A shagon Okoro aka buɗe mata, ina zaune a lunguna. Aka karanta mata cewa 'yan gida suna jiran Saje Bawa.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na taso na durƙusa a gabanta, na ce yanzu-yanzu zan goge layin. Ta murza bakin zanenta.

"Kada ka goge," ta ce. "Ka cire sunanshi ka sa nawa. Tunda ya rasu ba wanda ya ce yana jirana."

Tana nan a jerin har yau, kuma ba ta taɓa fashin taro ba, a kan babur take zuwa daga Ribah. Abin da nake so ki gane shi ne jerin nan yana tsufa kamar yadda mutane ke tsufa. Ana mutuwa, ana aure, ana ƙarin girma, ana rabuwa. Kafin kowane saƙo ki bi shi da ido daga sama har ƙasa, a hankali, kina tuna fuskar kowa. Wanda ba ki sani ba ki kira ni in gaya miki ko ɗan wane ne. Idan kuma wani ya ce a cire shi, ki cire shi a ranar, ba tare da tambayar dalili ba.

To bari in share miki hawaye da babbar wautata, wadda na ɗauka ita ce za ta rusa ƙungiya. Kin tuna shekarar da Babbar Sallah da Kirsimeti suka zo a jere cikin wata ɗaya? Na ce bari in nuna gwaninta, Musulmi su samu barka da Sallah, Kirista su samu barka da Kirsimeti. Na ƙara harafi ɗaya a ƙarshen kowane layi, M ko K. Mutum ɗari huɗu ne, ba kowa na sani ba, girman kai kuma ya hana ni tambaya. Sai na zauna ina cankar addinin mutane daga sunansu. A Zuru fa! Garin da Musa fasto ne, Yakubu liman ne, Ibrahim yana jagorar mawaƙan coci, Ladi ta je Makka sau biyu, Danjuma kuwa sai kin bi shi ranar Juma'a da ranar Lahadi kafin ki sani. Ni da na fito ciki ɗaya da Alhaji, ni ne ya kamata in fi kowa sanin haka.

Sai da saƙon ya gama fita na buɗe amsa ta farko, na ga daga wani Fasto Musa ne a Jos wanda na yi wa barka da Sallah. Magana zarar bunu ce, ta imel kuwa ta fi, don ko gudu ka iya ba ka kamo ta. Na kashe allon ban karanta ba, na koma gida na kasa cin abinci. Mamanki ta ce in tashi in koma in ga abin da na shuka, zama a ɗaki ba zai canja shi ba.

Na koma washegari na tarar da amsa fiye da sittin. Fasto Musa godiya yake yi, ya ce gaisuwar ta zo daidai don yana cikin cin naman layya a gidan ƙaninsa, kuma me ya sa shekarun baya ban taɓa yi masa ba? Wani Alhaji a Kano da na yi wa barka da Kirsimeti ya ce ya karɓa, amma shinkafar fa, ta imel za ta zo ko ta mota? Rifkatu, na yi dariya har Okoro ya zo ya duba ko lafiya. Ƙorafi ɗaya ne kawai ya yi zafi, kuma daga Baba Alhaji ne, wanda na yi wa daidai. Ya ce ya ji an yi wa wasu barka da Kirsimeti an tsallake shi, shi da yake cin kazar mamanki duk shekara, ko an cire shi daga dangi ne? A ranar na goge harafin nan daga kowane layi. Tun daga lokacin kowa yana samun gaisuwa biyu, kuma ba wanda ya taɓa mayar mini da ɗaya.

Allah ne ya rufa mini asiri, da kuma halin mutanenmu. Amma ki saurare ni da kyau a nan. Kaduna ba Zuru ba ce, kuma mutanen da ofishinku zai aika wa saƙo ba duka ne suka tashi suna cin tuwo a kwano ɗaya ba. Abin da aka yi wa dariya a gida zai iya zama rigima a can. Kada ki canki addinin mutum ko ƙabilarsa daga sunansa, kada ki raba jeri a kan abin da ba mai shi ne ya gaya miki da bakinsa ba. Idan shugabanki ya sa ki yi, ki ba shi labarina, na yafe miki ki yi mini dariya a gabansa.

Ƙarshen wannan watan saƙonki na farko zai fita. Labarin zan ba ki ta waya, ke ki tsara. Kanar zai sa tabarau ya karanta shi harafi-harafi yana neman abin da zai kama, kuma ba na jin tsoro ko kaɗan. Na ga yadda kike tsince tsakuwa a shinkafa tun kina 'yar shekara bakwai, ba kya barin ko ɗaya. Murna nake yi, ɗiyata, murna ƙwarai, har mamanki tana cewa in rage yawan faɗa wa mutane a coci. Za ki yi naki kuskuren, kowa yana yi. Idan ya faru ki amsa laifinki da wuri, da sunanki, kafin a zo nemanki.

Saura roƙo ɗaya. Al'adar ƙungiya ce duk wanda ya sauka daga muƙami a sa shi a jerin, kuma za su ce ki sa ni. Kada ki sa ni, kada ki sa mamanki. Na san abin nan ciki da waje, na san gaisuwar da na'ura ta cusa wa suna a tsakiya, shekara shida ina yi wa mutane. Daga wurin kowa zan karɓa da godiya, amma ban da ke. Mu namu ki zauna ki rubuta da yatsunki, ko layi biyu ne, ki gaya mana kin ci abinci ko ba ki ci ba. Okoro ya yi alkawarin zai buga mini a takarda da manyan haruffa in kawo wa mamanki. Kuma kada ki tsaya gyara shi. Idan na ga kuskure a ciki, zan san ke ce kika rubuta.

Mamanki tana gaishe ki, ta ce ki rufe daddawar da kyau. Allah ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutum, ya sa albarka a hannunki da abin da zai fita daga gare shi, ya dawo mana da ke lafiya.

Ni ne mahaifinki,
Saje Dauda mai ritaya.